Dogon bututu ko gajere? Ku ba ni shawara kafin in kashe kuɗina

Abu Hanan: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Na daɗe ina tara kuɗin saktun, wato bindigar iska, yanzu sun kusa cika. Jiya bayan Isha'i na shiga wani shago a Jidda, mai shagon ya shimfiɗa mini guda biyu a kan tebur, duk masu cin ƙwaya milimita 5.5, duk masu sifirin (waya mai lanƙwasa da ke tura iskar). Ɗaya irin wadda ake karyawa ce a ɗana, bututunta ya kusa santimita 50, in ka tsayar da ita a ƙasa sai ta kawo maka ƙirji. Ɗayar gajeriya ce, bututun 30 kacal, da wani ƙarfe a ƙarƙashinsa ake ɗana ta. Da na ɗora doguwar a kafaɗa sai na ji bakin yana jan hannuna ƙasa, kafin in ƙirga goma hagu ta fara rawa. Gajeriyar kuwa ta zauna daram, ko da yake ita ma ba baya ba ce wajen nauyi. To amma da na koma gida Baffa ya ce kada in soma, wai gajeriyar bindiga ta yara ce, ba ta cin nisa kuma ba ta da saiti. Ni dai harbin takarda nake so, in lokacin farauta ya zo kuma in ɗan fita barr, wato daji, da abokai. Wacce zan ɗauka?

Sarkin Baka: Wa alaikumus salam. Ɗauki wadda Baffa ya ce, in ka kuskure tsuntsu sai ka ce laifinsa ne 😂

Kawu na Gadarif: Wa alaikumus salam ɗana. Baffanka ya faɗa maka gaskiya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni a Gadarif na tashi, gidanmu asalinsa Mai Wurno ne a bakin Bahar Azraƙ. Muna yara akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon ɗan sanda, da Abu Ashara, bindigar Turawan Ingila Lee-Enfield, ya yi aiki duk rayuwarsa. Kullum maganarsa ita ce bindiga tsawonta ne mutuncinta. Kuma duk maharban da na sani, daga masu gadin gonar dawa har masu bin zomo da kaka, ban taɓa ganin wanda ya yi alfahari da guntuwar bindiga ba. Ka ɗauki doguwa ka huta.

Ɗan Ɗa'if: Allah ya ƙara girma Kawu. Ba musu zan yi da ku ba, amma ku yi mini izini in faɗi abin da hannuna ya gani. Shekara shida ke nan ina riƙe da HW97K ta kamfanin Weihrauch, bututunta santimita 30 ne. Kafin ita doguwa nake da ita, mai karyawa. A mita 30, in na ɗora a kan jakar yashi, ƙwaya biyar suna shiga wuri ɗaya da riyal ɗaya na ƙarfe zai rufe. Doguwar ba ta taɓa yi mini haka ba. Ba na cewa gajartar ce ta jawo, wataƙila don bututun wannan ba ya motsi ne. Amma tabbas gajartar ba ta hana ba.

Kawu na Gadarif: Mita 30 ai wannan jifa ne da dutse, ba harbi ba.

Sarkin Baka: Kawu ya ɗana tun ba a je ko'ina ba.

Injiniya Riyad: Jama'a, ina ganin Kawu da Ɗan Ɗa'if ba a kan bindiga ɗaya suke magana ba, shi ya sa ba za su haɗu ba. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Bindigar albarushi daban take. In harsashi ya tashi, iskar da albarushi ya haifar tana ci gaba da tura shi muddin yana cikin bututu. Saboda haka ƙarin tsawo ƙarin gudu ne. A irin harsashin .308, kowane inci da aka rage yakan ci wajen mita 6 zuwa 8 a daƙiƙa. Wanda ke harbin nesa sosai yana son wannan gudun, don iska ba ta samun lokacin karkatar da harsashin. A nan Kawu yana da hujja.

Saktun mai sifirin kuwa ba ta da wannan. Iskar da take turawa ɗan cikin silinda ne kawai, fistin ya matse ta lokaci guda, ta bugi ƙwayar dalma, shi ke nan ta ƙare. A cikin santimita 25 zuwa 30 na farko ƙwayar ta riga ta karɓi duk abin da za ta karɓa. Sauran tsawon bin bututu kawai take yi, ba mai tura ta. To me ya sa ake yin masu karyawa dogaye? Don bututun shi ne abin da kake kamawa ka ɗana. Kamar sifanar taya ce, in ka sa mata dogon faifi sai goro ya kwance ba wahala. Gajarta shi ka ga yadda ɗanawa za ta koma dambe.

Abu Hanan: Injiniya tsaya. Mita 6 a daƙiƙa? Ai ko kunkuru ya fi haka sauri.

Injiniya Riyad: 😂 Larabci ya shiga tsakaninmu. Daƙiƙar Hausa nake nufi, wato sakan, saniya. Ba daƙiƙar Larabawa mai sakan 60 ba.

Bakano Mai Iƙama: Wannan rikicin ya taɓa sa ni jiran mutum a Sharar Mansur. Ya ce daƙiƙa biyar, na ɗauka yana bayana. Ni dai a wannan zance ɗan kallo ne, mai iƙama ina shi ina bindiga. Amma kakana maharbi ne a ƙasar Rano, da harba-ka-ruga yake fita. Na tuna tsawonta, in ya jingine ta a zaure ta fi ni tsayi. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a cusa tsumma, a daddanna da wani siririn ƙarfe. In ya harba sai hayaƙi ya rufe shi, sai ya kauce gefe ya leƙa ko ya samu. Ita ma tsawon na ɗanawa ne?

Injiniya Riyad: A'a, tata daban. Baƙin albarushi ba shi da matsin na zamani, yana bukatar doguwar hanya kafin ya gama aikinsa. Ga sojojin da kuma, bindiga mashi ce in an ɗaura mata wuƙa a baki, kowa yana son tasa ta riga ta abokin gaba isa. Da Faransawa suka fito da albarushi marar hayaƙi a 1884 sai tsawo ya fara raguwa a ko'ina. Jamusawa sun fara Mauser ta 1898 da bututu santimita 74, zuwa 1935 suka dawo da ita 60. Kuma Kawu, da girmamawa, ita kanta Abu Ashara da kuke yabo, Turawan Ingila gajeriya suka sa mata suna. Wadda ta gabace ta bututunta ya kai 76, suka rage zuwa 64 don mai doki da mai ƙafa su riƙe iri ɗaya. Lokacin da ta fito akwai tsofaffin maharbansu da suka yi ta kukan an lalata bindiga.

Kawu na Gadarif: To ai ka faɗa da bakinka, 64. Ninki biyu ke nan na abin da yaron nan yake son saye. Kuma tunda ka karanta tarihi, ka ƙarasa mana. Ba sun ƙara gajarta ta ba a ƙarshen yaƙin Hitila, don dazuzzukan ƙasar Burma? Ina ta ƙare? Shekara nawa aka yi aka daina ƙera ta?

Injiniya Riyad: Wallahi Kawu kun kama ni. Lamba 5 kuke nufi, ta 1944, bututu wajen 48. A 1947 aka tsayar da ita, kuma ta yi suna da cewa saitinta yana yawo. Amma yawancin masu bayani ba gajartar suke zargi ba, sassaƙe ƙarfen da aka yi don rage nauyi suke zargi. Ta kuma fi duka a kafaɗa, ta fi ƙara, ta fi wuta a baki. Wannan kam gajarta da rashin nauyi ne suka jawo.

Kawu na Gadarif: Alhamdu lillahi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗan Ɗa'if: Akwai wurin da zan bi bayan Kawu ɗari bisa ɗari, kuma shi ne ainihin inda gizo ke saƙa. Mutanen da ba su da darbil, wato madubin hangen nesa da ake ɗorawa a kan bindiga, da ƙarfen saiti biyu suke harbi, na baya da na baki. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu ita ce komai. Ku lissafa: in idonka ya kuskure da rabin milimita, tazarar kuma santimita 40 ce, a mita 30 ƙwayarka za ta kauce da kusan santimita 4. In tazarar 60 ce, kuskuren nan dai bai wuce 2.5 ba. Ka ga dogon bututu ya rufa wa ido asiri. Daga nan maganar "doguwa ta fi saiti" ta samo asali, kuma gaskiya ce a zamaninta. Amma da zarar ka ɗora darbil, wannan lissafin ya faɗi, don darbil ba ruwansa da inda baki ya tsaya.

Ku kalli masu gasar mita 10 ta Olimfik. Ɗigon da suke nema rabin milimita ne, kuma ba a yarda musu da darbil ba. In ka ga bindigarsu za ka rantse doguwa ce. Alhali ainihin bututun bai fi santimita 42 zuwa 45 ba, sauran fanko ne aka ƙara don a kai ƙarfen saitin gaba nesa da ido. Sun ɗauki amfanin tsawon, sun bar ƙwayar ta fita da wuri.

Abu Hanan: Wannan bayani ya shige ni. Gajeriyar da na gani ma ba ta da ƙarfen saiti ko ɗaya, mai shagon ya ce dole sai da darbil.

Ɗan Ɗa'if: To ka sa kuɗin darbil a lissafi tun yanzu, kuma ka tabbata wanda aka yi don mai sifirin ne. Dukanta gaba da baya ne, ba kamar ta albarushi ba. Na taɓa sayen wani mai araha, ban cika gwangwanin ƙwaya ɗaya ba na ji gilashi yana kaɗawa a ciki kamar tsakuwa a gora.

Ummu Faisal: Ni ban san bututu ba ban san sifirin ba. Abin da na sani shi ne Abu Hanan ƙanena ne, kuma gidansa ɗaki biyu ne da falo a Rusaifa, da yara uku. Ina za ka ajiye abu mai tsawon mita da wani abu? Ka fara sayen akwati mai makulli kafin ka sayi abin da za a sa a ciki. Walid ɗinka ko rimot ɗin na'urar sanyaya ɗaki bai bari ba.

Abu Hanan: Yaya har nan kika biyo ni? 😅 Na ji, akwati na cikin lissafi.

Ummu Faisal: Kuma ban da gwaji a saman bene.

Malam Abu Sumayya: Tunda Hajiya ta buɗe ƙofar, bari in shigo. Ɗana Abu Hanan, kai mazaunin Makka ne, ka san farauta a cikin iyakar Harami haramun ce, ko kana da harami a jikinka ko babu. Tantabarun nan da ke sauka a tagarka ba naka ba ne. Madina ma tana da nata haramin. Ta ɓangaren hukuma kuma, bindigar ta zama da lasisi da sunanka, izinin farauta kuma ta manhajar Fitri ake nemansa, ta cibiyar kula da namun daji. Suna sanar da lokacin buɗewa da rufewa, a shekarun nan daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Janairu, da jerin abin da aka halatta. Shozan, bindigar da ke watsa ƙwayoyi da yawa a harbi ɗaya, an hana farauta da ita. Kada wani ya ce maka "ai kowa na yi". Tarar ba ta wasa ba ce. Ku ci gaba da muhawararku, ina jin daɗinta.

Sarkin Baka: Malam ya harbo daga nesa kuma ya samu. Malam bututunku nawa ne?

Malam Abu Sumayya: Allah ya shirye ka.

Abu Turki: Na makara. Ni tambayata, me ya sa duk kuka maƙale a sifirin kamar muna 1990? Ya sayi mai tulun iska, PCP, ya huta da wannan gardama. Tawa FX Impact ce, bututu santimita 70, amma da yake an tura kayan cikinta baya zuwa inda kafaɗa take, duka tsawonta bai kai na doguwar da Abu Hanan ya gani a shago ba. Ga dogon bututu don Kawu, ga gajeriyar bindiga don Yaya Ummu Faisal. Kowa ya samu.

Injiniya Riyad: A PCP kam tsawo yana biya. Iskar tulu tana bin ƙwaya har baki kamar albarushi, don haka 70 ta fi 50 ƙarfi, ko kuma ta ba ka ƙarfi ɗaya da iska kaɗan. Shi ya sa kamfanin yake fitar da ita da 50 da 60 da 70, kowa ya zaɓa. Amma Abu Turki ka faɗa masa kuɗin.

Abu Turki: Kuɗi kam akwai su.

Ɗan Ɗa'if: Faɗa masa har da famfo ko kwamfuresa, da wanda zai cika masa tulu zuwa bar 200 da ɗoriya. Da kuma cewa ba a barin ta a mota a ranar Jidda, don zafi yana ƙara matsin. Mutumin da ya ce ya daɗe yana tara kuɗi ba za ka tura shi can ba. Mai sifirin kai da gwangwanin ƙwaya ne kawai, ko a tsakiyar barr.

Abu Turki: Amma ta fi wuyar harbi, ka faɗi wannan ma. In ka ƙanƙame ta sai ta watsa maka ƙwaya.

Ɗan Ɗa'if: Haka ne. Fistin yana motsi tun ƙwaya ba ta fita ba, don haka sai ka ɗora ta a tafin hannu sakwa-sakwa, ka bar ta ta yi motsinta, kuma kullum a wuri ɗaya. Wata biyu na yi ina zagin bindiga kafin in gane ni ne matsalar. Amma wanda ya koya a kanta, duk abin da ka miƙa masa zai harba.

Bakano Mai Iƙama: Tambayar jahili: in mutum ya sayi doguwar ya ga ta dame shi, ba sai ya kai wa mai walda ya rage ba?

Injiniya Riyad: Kada ma ya fara. Na farko, lasisi a kan bindigar yadda take aka ba shi, taɓa ta neman magana ne. Na biyu, yawancin bututun saktun masu kyau an ɗan matse su a daidai baki don ƙwaya ta fita a daidaice, in ka yanke ka zubar da wurin da ya fi ko'ina daraja. Gefen bakin ma in ya karkace ko da ƙanƙani, iska za ta riga fita ta gefe ɗaya ta ture ƙwayar. A zaɓa daidai tun a shago.

Kawu na Gadarif: Duk na karanta. Lissafinku ba zan iya ture shi ba, ban yi makarantarsa ba. Amma abu ɗaya ba ku faɗa ba. Bindiga mai nauyi a baki ba ta rawa da sauri. In ka tsaya da ƙafarka, ba jakar yashi ba tebur, gajeriya marar nauyi bakinta yawo yake kamar jelar ɗan akuya. Doguwa in ta tsaya ta tsaya. A daji ba wanda zai kawo maka tebur.

Injiniya Riyad: Wannan gaskiya ce tsantsa Kawu, shi ya sa masu gasa suke ɗaura ƙarin ƙarfe a bakin tasu. Sai dai yana da iyaka. In nauyin ya fi ƙarfin hannun mutum, rawar gajiya ta fi rawar rashin nauyi muni. Abu Hanan ya ce kafin ya ƙirga goma hagunsa ta fara karkarwa.

Kawu na Gadarif: To ya ci tuwo. Yaran yanzu burost da shawarma sun cinye musu damtse.

Sarkin Baka: Khalas, an gano maganin. Ba bututu ba ne, asida ce da mulah 😂

Ɗan Ɗa'if: Abu Hanan, gani ya kori ji. Ranar Asabar ina saukowa Jidda. Mu haɗu a kulob ɗin harbi bayan La'asar, in zo da tawa, akwai abokina mai Diana 350, ita ma bututunta ya kusa 50. Ka harba goma-goma a zaune, goma-goma a tsaye. Ka taho da Baffa in zai yarda.

Abu Hanan: In sha Allah. Baffa ya ce zai zo ya ga ƙarya da idonsa.

Abu Hanan: Jama'a mun dawo. A zaune, kan jaka, mita 25, wallahi ban ga bambancin da zan iya rantsuwa a kai ba. Na gajeriyar sun ɗan fi haɗuwa, amma Ɗan Ɗa'if ya ce ita ce na fara harbawa hannuna bai gaji ba, kada in yi saurin yanke hukunci. A tsaye kuwa duka biyun na sha kunya, takardar kamar an watsa mata gero. Sai dai da doguwar, daga harbi na shida kafaɗata ta fara ciwo, ɗanawar ma sai da na dafa gindinta a cinya. Abin mamaki Baffa ne. Ya ƙi darbil, ya karɓi doguwar da ƙarfen saitinta, ya tsaya ya gyara hula, ya sa uku a cikin baƙi. Da aka miƙa masa gajeriyar ya leƙa darbil ɗin, ya ce shi ba ya harbi ta cikin kwalba, ya mayar.

Kawu na Gadarif: Ka gaishe mini da Baffanka. Ka ce masa ɗan uwansa na Gadarif ya ce Allah ya ƙara wa ido haske.

Abu Turki: To wacce ka tsayar?

Abu Hanan: Gajeriyar nake ji a raina, ita ce na iya riƙewa har ƙarshe. Amma zan jira baje kolin kayan farauta na Malham, kusa da Riyad, a watan Oktoba in taɓa wasu, an ce akwai masu karyawa da bututu wajen 41, tsaka-tsaki. Baffa kuma ya ce in na sayi guntuwa kada in kawo masa ita gida, shi zai nemi tasa.

Ummu Faisal: Akwati biyu ke nan.

Ɗan Ɗa'if: In za ka Malham ka sayo ƙwaya kala uku ko huɗu, gwangwani ɗaya-ɗaya, kada ka jibgi iri ɗaya. Kowane bututu da wadda yake so. Kuma ka dawo mini da jakar yashina, tana but ɗin motarka.